Ɗalibin likita zai iya koyon duba mata a jikin roba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata tana aji biyar a karatun likitanci, yanzu sun shiga ɓangaren mata da haihuwa. Ta ce mini a jikin wani mutum-mutumin roba ake koya musu duba gaban mace. Abin ya ɗaure mini kai. Wanda ya koya a roba, yaya zai yi ranar da ya haɗu da mutum? Tsorona kada a riƙa yaye mana likitocin da ba su san aiki ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya ba ta sa'a. Ki kwantar da hankalinki, robar nan ba ta maye gurbin majinyaciya ba, da ita kawai ake farawa.

Kowane likita yana da ranar da ya fara, kuma ranar nan hannu rawa yake yi. A da, a jikin matar da ta zo neman magani ake yin wannan rawar hannun, wani lokacin ma tana cikin barcin tiyata ba a tambaye ta ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2003 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan dubawar da ɗaliban wata makaranta a Ingila suka yi wa waɗanda aka sa barci, babu shaidar an nemi izininsu. A Afrilun 2024 ma'aikatar lafiya ta Amurka ta umarci asibitoci su karɓi izini a rubuce kafin ɗalibi ya yi hakan. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar a fara koyo a roba.

Robar da take faɗa miki daga cibiya ne zuwa cinya. Ana cire mahaifar ciki a sauya wata: lafiyayya, wadda ta kwanta baya, mai ƙari, mai ƙaramin ciki. Haka ma bakin mahaifar. A nan ɗaliba take koyon riƙe sifekulum, abin nan mai kama da bakin agwagwa da ake buɗe gaba da shi. A rufe ake shigar da shi, ana karkata shi ƙasa wajen baya, ba a buɗewa sai ya gama shiga. Wajen fitarwa ne ɗalibai suka fi kuskure, domin idan aka sake shi ya rufe kafin ya bar bakin mahaifa, sai ya matse shi, kuma da zafi ƙwarai. A roba za ta yi wannan kuskuren ta gyara, ta sake, har hannunta ya faɗa. Sai dubawa da hannu biyu, yatsu biyu a ciki, ɗaya hannun a kan mara, a ji girman mahaifa da inda ta fuskanta. Wahalar koyar da wannan ita ce malami ba ya ganin inda yatsun ɗalibi suke. Shi ya sa likita Carla Pugh ta ƙera wata roba a Jami'ar Stanford mai na'urori a ciki, suna nuna wa kwamfuta inda aka taɓa da ƙarfin dannawar.

Dabarar ma tsohuwa ce. Tun 1759 wata unguwarzoma a Faransa, Madam du Coudray, ta fara zagaya ƙasar da izinin sarki tana koya wa matan ƙauye karɓar haihuwa a jikin mutum-mutumin yadi da fata.

Amma akwai inda tsoronki yake da tushe. Roba ba ta jin kunya, ba ta ɗaure jiki, ba ta cewa wayyo. Ɗalibin da ya tsaya a kanta kaɗai zai iya fitowa da gwanin hannu amma babu lafazi. Don haka ne tun wajen ƙarshen shekarun 1960 Dakta Robert Kretzschmar na Jami'ar Iowa ya soma aiki da matan da daga baya aka horar su koyar da ɗalibai a jikinsu, suna gaya musu nan ka danna da yawa, nan ba ka kai ba. A wajenmu samun masu wannan aiki da wuya, ba sai na faɗa miki dalili ba. Abin da za mu iya shi ne a zaunar da mace, a ajiye robar a gabanta a lulluɓe da zani, ɗalibi yana magana da mutum, hannunsa yana kan roba.

Wannan maganar ita na fi damuwa da ita. Da Turanci suke karatu, amma baiwar Allah da ta taso daga ƙauye da Hausa za a yi mata bayani. Sai ɗaliba ta maimaita har bakinta ya saba: "Inna, ina so in duba ki ta ƙasa, kin yarda? Ga nas nan tare da mu. Idan kin ji zafi ki faɗa, zan tsaya." Ta tuna ta ce mata ta fara zagayawa ta yi fitsari, ta ja labule, ta rufe ta da zani, ta tambaya ko budurwa ce kafin ta ɗauko sifekulum. Matar da aka ji wa ciwo ko aka kunyata sau ɗaya, da ƙyar take dawowa gwajin sankarar bakin mahaifa, cutar da ake iya tarewa idan an gano alamunta da wuri. A jarrabawar OSCE, wato gwajin aiki a aikace da ake yi wa ɗaliban likitanci, wadda aka fito da ita a garin Dundee na Birtaniya a 1975, neman izini da sakaya majinyaciya suna da makinsu kamar yadda riƙon kayan aiki yake da nasa.

Bayan roba za ta duba mata na gaske, da izininsu, malami yana tsaye, sannan ga shekara guda ta sanin makamar aiki bayan ta gama. Idan ta zo hutu, ki ce ta yi miki bayanin dubawar da Hausa kamar ke ce majinyaciyar. Duk inda kika ji ba ki gane ba, ko kika ji lafazin bai yi miki daɗi ba, ki sa ta sake.