Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Amurka karatu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce yayanku da ke Bronx a birnin New York, wanda ciwon zuciya ya raba da tuƙin tasi, ya nemi kuɗin nakasa an hana shi, kai ma kana tambaya ko gwamnati za ta ɗauki nauyinka idan ciwon gado ne ya taɓa ka a nan. Allah ya ba shi lafiya.

Ka gaya masa kada ya cusa takardar hanin nan a durowa don haushi. Kwana 60 hukumar Social Security, mai biyan kuɗin nakasar, ta ba shi ya ɗaukaka ƙara, kuma hakan ya fi ya sake nema daga farko, wanda kan jawo asarar kuɗin watannin baya. Da fari za su sake duba fayil ɗinsa, kuma sau da yawa a sake hanawa. Kada ya karaya. Idan ya sake ɗaukakawa, gaban alƙalin hukumar ne zai zauna ya yi bayani da bakinsa. Bayan nan akwai majalisar ɗaukaka ƙara, sai kotun tarayya.

Takardun likita su ne komai. A ƙa'idarsu ta raunin zuciya, suna duba ko hoton zuciya da ake kira eko ya nuna jinin da take turawa a kowane bugu ya sauka zuwa kashi 30 cikin ɗari ko ƙasa, tare da shaidar ciwon ya hana shi katabus. Matsalar mutanenmu kawaici. Likita ya tambaya yaya jiki, mutum yana haki, ƙafa a kumbure takalmi ba ya shiga, sai ya ce da sauƙi. To “da sauƙi” ɗin nan za a rubuta, kuma ita alƙali zai karanta. Ya faɗi gaskiya: matakala nawa yake hawa kafin ya tsaya, filo nawa yake tarawa kafin barci ya yiwu.

Lauya ba ya karɓar kuɗi sai an ci nasara, sannan a cire masa kashi 25 na kuɗin baya, shi ma da iyaka. Ina fatan dai yayan naku ya riƙa biyan haraji a kan kuɗin tasi, don mai shekarunsa sai ya yi aikin kusan shekara 5 cikin 10 na ƙarshe yana biya.

Kai kuwa, mai bizar ɗalibi ba ya cikin wannan rabo. Ka je a duba zuciyarka tun kana gida, ka taho da sakamakon, sannan ka tambayi makarantar ko inshorar lafiyarsu tana biyan ciwon da mutum ya zo da shi.