Ina so in kai iyalina Zanzibar a dogon hutu, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Unguwar Dosa, Kaduna. Shekara biyu ke nan yara suna damuna sai sun ga teku, ni kaina ban taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi a Jidda. Na ɗan tara wani abu, ina so idan an ba da dogon hutun makaranta mu tafi Zanzibar, ni da maiɗakina da yara uku (babbar shekararta 12, autan 4) da kuma mahaifiyata. Na ga an karya farashin tikiti, saura ƙiris in biya. Abu biyu ke damuna: kada in kai iyali inda za su ga tsiraici, kada kuma Hajiya ta rasa abin da za ta ci. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi albarka, ba kowa ne zai tuna da mahaifiya a irin wannan tafiya ba. Amma tukuna, mayar da katin bankinka aljihu. Abin da ya fi kayar da mutanenmu a tafiyar Zanzibar biza ce, kuma ita ce ba ka ambata ba.

Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba. Suna da gwamnatinsu da shugabansu, amma tun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya, don haka bizar Tanzaniya za ku nema. Bature yana sauka a filin jirgi ya biya a buga masa hatimi ya wuce. Mu kuwa Najeriya ta daɗe cikin jerin ƙasashen da sai an miƙa takardunsu ga shugabannin hukumar shige da fice sun amince kafin mutum ya taso, kuma su da kansu suna cewa a nema da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya, kada a sayi tikiti sai amsa ta fito. Na ga magidancin da ya yi akasin haka a teburina. Ranar tashi ta zo biza shiru, tikitin kuma na rangwame ne wanda ba a mayar da kuɗinsa. Tanzaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja, ka fara da jin matsayin dokar a bakinsu a wannan makon. Idan Agusta kake nufi, to a watan Mayu ya kamata takardu su shiga.

Kowa da fasfonsa, har autan, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida a kansa. Sai katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake kira yalo kad. Ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga Najeriya, allurar kuma ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, sau ɗaya ta isa har abada. Ita Hajiya, idan ta haura 60 kuma ba a taɓa yi mata ba, likita ya fara ganinta. Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoba 2024, dala 44 a kan babban mutum, ko da kana da wata inshorar. A wajen lissafin tikiti ka sani cewa 'yar shekara 12 kamfanonin jiragen sama sun ɗauke ta babba.

Hanya ba ta da wani rikici. Ku hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ku kwana can idan tashin na rana ne, kada ku haɗa jirgin ƙasa da na sama a yini ɗaya da tsohuwa da yara. Ethiopian Airlines yana ɗauka daga Abuja ko Kano, a sauya jirgi a Adis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume da ke dab da birnin Zanzibar, a tsibirin Unguja. Wasu suna sauka Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, su hau jirgin fito na kusan awa biyu zuwa Zanzibar. Ban ba ku wannan shawarar ba. A tsakiyar shekara iska na kaɗawa, teku na yin tsalle, wanda bai saba ba sai amai.

Lokacin da ka zaɓa kuwa ka dace. Muna cikin marka a Kaduna, su suna cikin rani mai sanyi-sanyi, daga Yuni zuwa Oktoba. Babbar daminarsu Maris zuwa Mayu ce, shi ya sa otal ke araha a hutun Afrilu, amma sai ku biya kuɗi ku je ku zauna a ɗaki kuna kallon ruwan sama. Aibin Agusta ɗaya ne: Turawa ma lokacin hutunsu ke nan, komai ya yi tsada.

Yanzu ga babbar damuwarka. Ba zan rufe ka ba, za a ga abin da ido ba ya so. Sai dai yawansa ya danganta da inda kuka sauka. Mutanen Zanzibar kusan dukansu Musulmi ne, matansu da hijabi da doguwar baƙar riga, kiran salla ta ko'ina. A cikin tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, iyalinka ba za su ji baƙunta ba, lungunan ma sai su tuna maka cikin birnin Zazzau, illa dai gidajen na dutse ne masu bene da ƙofofin katako da aka sassaƙa. Baƙi ma ana jan kunnensu su rufe jiki a cikin gari. Matsalar tana bakin ruwa ne, a gaban manyan otal-otal, musamman Nungwi da Kendwa da ke arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga birni. Can ne ruwa ya fi daɗin wanka don ba ya ja da baya sosai, can ne kuma cunkoson masu yawon buɗe ido da kiɗan dare suke.

Da ni ne da uwa da 'ya mace mai tasowa, gabas zan nufa, wajen Jambiani. Ƙauyen masunta ne shimfiɗe a bakin teku, za ka ga matan gari da zannuwansu a cikin ruwa suna noman ciyawar teku. Ka kama hayar gida sukutum ko ƙaramin masauki mai 'yan ɗakuna, ka tambaya tun kafin ka biya ko suna sayar da giya. Ka guji tsarin nan na manyan otal da ake biyan kuɗin kwana da ci da sha a dunƙule, domin har kuɗin barasar da ba za ka sha ba yana ciki. Ku riƙa fita bakin ruwa bayan asuba, lokacin rana na ɓullowa daga cikin teku, masu shan hantsi kuma ba su tashi ba.

Gabas tana da nata halin da ya kamata ɗan Kaduna ya sani. Teku ba Kogin Kaduna ba ne da ke cika da damina ya janye da rani. Sau biyu a kowace rana yake kawowa, sau biyu yake janyewa, kuma lokacin yana gusawa da kusan minti 50 kullum. A Jambiani da maƙwabciyarta Paje idan ya janye sai ka hango shi can nesa, fili ya buɗe, yara su bi suna tsintar kwanson kifi. Idan ya tashi dawowa ba ya sallama. Kowace safiya ka tambayi mai masauki ƙarfe nawa ruwa zai dawo, kada yaro ya yi nisa babu babba a gefensa. Ku saya musu takalman roba na shiga ruwa, don akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa. Kwalekwale kuwa, duk wanda babu rigar hana nutsewa daidai jikin autan, kada ku hau. A titi ma a riƙe hannunsu, can ta hagu ake tuƙi.

Batun cimar Hajiya ka kwantar da hankalinka. Naman kasuwa yankan Musulmi ne. Suna da ugali, wanda tuwon masara ne ba ragi ba ƙari, sai dai da kifi da ganye ake ci. Ka tafi mata da kuka da daddawa da yaji a ƙullin takarda ko roba mai murfi (Tanzaniya ta hana shiga da leda tun 2019), idan gidan haya ne maiɗakinka ta kaɗa miya. Akwai shinkafa da madarar kwakwa, da pilau mai kayan ƙamshi, da mishkaki, ɗan'uwan tsire. Da yamma ku je lambun Forodhani inda ake gasa kifi da jatan lande a sha ruwan rake, amma a zaɓi wanda aka gasa a gabanku. A masallaci za ka ji liman ya bayyana Bismilla, ya yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Shafi'iyya ne, bi shi kawai.

Kwana shida sun isa: biyu a birni, huɗu a bakin ruwa. Daga birni ku tsallaka tsibirin Changuu yara su ga manyan kunkuran da wasunsu suka haura shekara 100, a hanyar gabas kuma ku tsaya dajin Jozani don jajayen biran da asalinsu na tsibirin ne. Gonar kayan yaji Hajiya za ta fi kowa jin daɗinta, ta ga kanumfari da masoro da kirfa a jikin itacensu. Ku tafi da sababbin takardun dala, masu canji ba sa son tsofaffi, ku mayar da su shilin, kuɗin Tanzaniya.

A kasuwar Darajani ka saurari farashi da kyau, za ka ji ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, wato ashirin, talatin, arba'in, hamsin ɗinmu, duk daga Larabci. Agogo ne zai iya ruɗa ka. Suna gabanmu da awa biyu, sannan a Swahili daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya. Ranar dawowa, idan direban da zai kai ku filin jirgi ya ce zai zo saa nne asubuhi, ƙarfe 10 na safe yake nufi, ba 4 ba. Ka sa ya nuna maka a fuskar wayarsa.