Ƙaura, Hijira da Matsin Kalangu

Tambaya: Wani ɗalibin tarihi daga Zariya yana rubutu a kan Yahudawan Tarayyar Sobiyet da gwamnati ta hana tafiya Isra'ila. Ko "'yan gudun hijira" ya dace da su?

Amsa: Bai dace ba. Wannan na cikin abin da ke haɗa ni da masu fassarar labaran rediyo, duk wanda ya saɓa jaka sai su ce ɗan gudun hijira. Wane gudu? Mutanen nan ko taku ɗaya ba su yi ba. Takardar neman izinin fita suka miƙa, aka ce a'a, galibi da hujjar wai sun san sirrin ƙasa. Daga nan sai a kori mutum daga aiki, ka ga injiniya ya koma gadi, ya shekara goma yana jiran tsammani. Natan Sharansky ma, fitacce a cikinsu, kurkuku ya sha tun 1977, sai a 1986 aka sake shi a musayar fursunoni. Ka ce "waɗanda aka hana ƙaura". Ƙaura tashi ne da iyali da komatsai. Hijira kuwa nauyin addini gare ta, kamar ta Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Wanda ya nemi fita don a bar shi ya yi ibadarsa, in ka kira tasa hijira ba zan ja da kai ba.

Tambaya: Wata malama daga Maraɗi ta ce ko "matsi shi ke sa kalangu zaƙi" ya zauna a kan lambar da Amurka ta matsa wa Mosko don ta bar Yahudawan nan su fita?

Amsa: Ya zauna, rabi. Masu jefa karin maganar nan ko'ina sun manta yadda ake kaɗa kalangu: makaɗi kan matse igiyoyin a hammata, ya sassauta, ya sake matsewa. A 1972 Mosko ta ƙaƙaba wa masu ilimi harajin fita, wai su biya kuɗin karatunsu. Da Sanata Henry Jackson da ɗan majalisa Charles Vanik na Amurka suka kawo ƙudurin ɗaure rangwamen ciniki da 'yancin ƙaura, sai ta daina karɓa a 1973. Barazana ta yi aiki ke nan. Amma da ƙudurin ya zama doka, Mosko ta yi zuciya ta watsar da yarjejeniyar cinikinta da Amurka a Janairun 1975, masu fita suka ragu daga kusan 35,000 a 1973 zuwa kusan 13,000 a 1975. A 1979, da take lallashin Amurka kan yarjejeniyar makamai, sama da 51,000 ta bari suka tafi.

Tambaya: Malamar ta ƙara da cewa, mene ne asalin "takunkumi", sunan da ake ba irin wannan matsin tsakanin ƙasashe?

Amsa: Abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta yi cizo ko ɓarna. Ki tambayi gardi mai wasa da kura.