Amsar Baffa kan kaftun lambu a hunturu

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gani a intanet mutanen Ingila suna haƙe ƙasar lambunsu da sanyi su bar ta haka, kana tambaya ko mu ma al'adarmu ke nan, don ka fara da filin nan na bayan gidanka.

To, sanyi suna ya tara. Nasu jiƙaƙƙe ne. Ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare, ya kumbura, ya farfasa musu hoge ba tare da sun ɗaga hannu ba. Namu na Kano busasshe ne. Daga Nuwamba har Fabrairu ko yayyafi ba ka gani, sai hazo da iska. In ka kafta ƙasa ka bar ta, mai yumɓu za ta ƙame kamar tubali, mai laushin kuma iska ta yi gaba da ita.

Abin da na tarar kakanka yana yi a lambunsa na bakin kogin Jakara shi ne, ruwa kafin fartanya. Da la'asar sakaliya mu hau jigo mu jiƙe wurin sharkaf, a bar shi ya kwana. Ba a taɓa shi da asuba. Sai hantsi ya dubi ludayi, an sha koko, jiki ya saki. Mu da muna yara mun ɗauka tausayinmu yake ji, ashe ƙasar yake jira ta tsane. Sai ya damƙo ta a hannu. In ta dunƙule, ya taɓa ta da yatsa ta warwatse, to ta yi. In tana manne wa bakin fartanya, a dakata. Tausayin ma akwai shi, don ƙota ba ta raga wa hannu a hunturu. Ka shafa man kaɗanya kafin ka fara, in ba haka ba kaushi da faso su hana ka alwala cikin daɗi.

A kaftun nan ake cuɗa taki. Da, jakuna ke fitar da shi daga cikin birni a mangala: toka, kashin awaki, sharar gida da ta ruɓe. Bolar yanzu kuwa leda ce da matattun batura, kada ka kusance ta. Nemi kashin dabbobi wanda ya daɗe. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi.

Daga nan ka ja fangali ƙanana masu baki, yadda ruwa zai zauna. Latas, kabeji, karas, albasa da tumatir duk sanyin nan suke so. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, ke gaggawar shuka alkama kafin Disamba ta yi nisa, kada zafi ya riske ta ba ta yi ido ba. Kai ma kada ka kai Fabrairu kana shawara.

Ruwan rijiyarka ya ishe ka, na Jakara yanzu ya zama na kwatami. Ka biyo ranar Juma'a bayan masallaci, fartanyar kakanka na nan a zaure, ƙota kawai za ka sake mata. Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara.