Me ya sa kuɗin tikitin wasa ke ƙaruwa a wajen biya?

Malam, ka ce ka sayi tikitin wasan mawaƙa ta intanet daga Samaru, farashin ya ƙaru da ka zo biya, kuma an hana ka sayar wa wani.

Ƙarin nan ladan kamfanin tikiti ne da na masu zaure, har da cajin biya ta kati. Ni a ganina ɓoye shi har ƙarshe rashin adalci ne. A Amurka ma tun 2025 doka ta wajabta nuna jimillar kuɗi tun farko.

Hana sayarwa kuwa saboda 'yan sari ne, masu aiki irin na 'yan bumburutu: su kwashe tikiti da manhajar kwamfuta cikin daƙiƙoƙi, su ninka farashi. Amurka ta haramta irin wannan manhaja a 2016, Ireland kuma ta hana sayar da tikitin manyan wasanni sama da farashinsa a 2021. Sai dai takunkumin yakan faɗa kan mai uzuri na gaskiya.

In ba za ka samu zuwa ba, tuntuɓi masu shirya wasan su canja sunan da ke kan tikitin. Kada ka sayi hoton tikiti a WhatsApp, lambar da ke jikin tikiti sau ɗaya take shiga ƙofa.