Tsofaffin bindigogi bakwai, babu takarda ko ɗaya

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Dole ta Damagaram ya aiko da tambaya. Ƙanen matarsa ya zaga ƙauyukan Mirriya da Tanut, ya tattaro masa tsofaffin bindigogi bakwai a kan sefa miliyan 1 da jika 800, ya ce masa wasunsu na dakarun Sarki Tanimun na Damagaram ne, kuma Turawa masu tara kayan tarihi za su biya miliyan biyar a kan kowace. Yanzu yana neman hanyar samun lasisin tara tsofaffin makamai, domin ya ƙara sayen wasu ashirin.

Alhaji, kafin maganar lasisi ina son ka ɗauko littafin shagonka ka nuna mini shafin da aka rubuta bindigogin nan, kuma na san babu shi. Kai da ba ka sakin turmi guda na atamfa bashi sai ka rubuta sunan mai karɓa da ranar biya, ka fitar da kusan miliyan biyu a kan makamai, ba ka san sunan ko mutum ɗaya da ya sayar ba, ba ka da rasit, ba ka da mai shaida, abin da ke hannunka kawai maganar ƙanen uwargida. Wannan ne kuskurenka, kuma duk sauran matsalolinka daga nan suka fito.

A Nijar izinin riƙe bindiga yana fitowa ne daga Ma'aikatar Cikin Gida, kuma tsari shi ne a samu izini kafin makami ya shigo gida. Kai ka juya abin. Duk jami'in da ya karɓi takardar neman izininka zai so ya san irin kowace bindiga, da lambarta, da inda ta fito, da yadda ta iso hannunka. Yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 2006 kan ƙananan makamai ta jera abin da ake dubawa ga mai neman izini: shekarunsa, da takardar shaidar cewa ba a taɓa kama shi da laifi ba, da binciken halinsa, da dalilinsa na halal, da wurin ajiya mai tsaro inda makami yake daban, harsashi daban. Kada ka ɗauka fitar ƙasarmu daga ƙungiyar a 2025 ta sassauta waɗannan tambayoyi, a lokacin da maganar tsaro take kan gaba kuma hukumar CNCCAI take aikin tattara haramtattun makamai tun 1994. Duk waɗannan sharuɗɗa kana iya cika su. Tambayar asali ce za ta tsayar da kai, domin “ƙanen matata ne ya kawo” amsa ce da take buɗe bincike a kanku duka biyu.

Na san abin da ƙanen uwargida ya gaya maka, cewa tsohuwar bindiga kayan ado ce. Ya tsinci rabin magana. A Amurka bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ba ta shiga sahun makamai a dokar tarayya, Faransa ta sa iyakarta a farkon 1900, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2001 kuma ta ce duk abin da aka ƙera bayan 1899 ba a kiransa tsohon makami. Amma dokar Amurka ba ta fitar da kowa daga hannun jandarma a hanyar Tanut, kuma ko a can sai an tabbatar da shekarar ƙira. Kai ka san shekarar taka? Ɗauki kowace ka kai ta haske, ka duba gefen ƙarfen da ke bayan bututu. Bindigar Gras ta sojan Faransa, samfurin 1874, tana ɗauke da sunan masana'antar da ta yi ta, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da lamba wadda ya kamata ta zo daidai a kan bututu da sakata da ƙota. Idan ka ga an buga MAS da 1936, to makamin yaƙi ne na ƙarni na ashirin yake kwance a ɗakinka, kuma tsatsarsa ba za ta zame maka hujja ba.

Batun Tanimun kuwa, gaskiya ne sarkin da ya rasu a 1884 ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, har aka ƙera masa igwa a cikin Birni, tsohon garin Damagaram, kuma dakarun Damagaram sun fuskanci Faransawa a Tirmini a 1899. Wannan tarihin ne dillalai suke sayarwa. Maƙeranmu har yau suna ƙera adaka don maharba da masu harbin sallah, kuma wadda aka yi bara, idan ta kwana biyu a ƙasa mai gishiri aka shafe ƙotarta da man gyaɗa da toka, sai ta fito kamar ta ga Amadu Kuran Daga, sarkin Damagaram na lokacin yaƙin Tirmini. Abin da yake raba ta gaske da ta bara shi ne a san gidan da ta fito, da kakan da ya riƙe ta, da dattijon da zai tsaya ya shaida. Farashin tsohon abu yana cikin wannan silsila, kuma ita ce ka bari a ƙauye.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa da ya sayi takubba biyu da bindiga ɗaya daga hannun wani saurayi ɗan gidan sarauta, ya biya jika 600 a tsaye. Bayan damina baffannin yaron suka zo da mai unguwa, suka ce kayan gado ne da ba a raba ba, kuma yaron ba shi da ikon sayarwa. Ya mayar da kayan, kuɗin kuwa an riga an yi aure da su. Da ya nemi sa hannun magada tun farko, da cinikin ya mutu a ranar, kuɗinsa na aljihunsa.

Miliyan biyar ɗin nan ka cire ta daga lissafi. An ƙera Gras da yawan gaske, kuma a Faransa kanta mai kyau tana tafiya a kan ƴan ɗaruruwan yuro, yuro 500 kuwa bai wuce jika 328 ba. Idan kuma aka dace ɗaya daga cikin naka ta gidan Tanimun ce da gaske, dokar 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa ta hau kanta, ba a fitar da ita waje sai da izinin hukumar al'adu, kuma duwan na da ikon riƙe ta. Ga shi izinin riƙewa daban yake da izinin fatauci, baƙin da suke zuwa kallon fada da Birni ma sun yi ƙaranci. Wa za ka sayar wa?

Saboda haka ka dakatar da sayen ashirin ɗin yau. Ka sayi littafi sabo, ka ba kowace bindiga shafinta: hotonta ta kowane gefe, tsawonta, duk rubutu da lambar da ke jikinta, da abin da aka biya. Kada ka goge tsatsa da yashi ko ka sake fenti, domin da tsatsar ake goge hatimi. Sannan ka sa ƙanen uwargida a mota ku koma gida gida inda ya saya, a rubuta takardar ciniki da sa hannun mai sayarwa da magada da mai gari. Ka ware kamar jika 150 zuwa 200 don mai da tambur da lauya. Da littafin nan, tare da lauyan, za ka je wurin hukuma ka bayyana abin da ke hannunka ka nemi a daidaita shi, makaman kuwa su zauna a kulle har a gaya maka yadda za a kai su. Wadda aka kasa gano asalinta ka miƙa ta, ka rubuta kuɗinta a shafin asara. Wadda ta tabbata ta tarihi ce, ka nemi masana na gidan tarihin Damagaram ko na Bubu Hama a Yamai su duba ta.

A wannan tafiyar ce kuma za ka ji daga bakin masu sayarwa nawa ainihi aka ba su. Idan ƙanen uwargida ya fara cewa ya manta hanyar ƙauyen, ka kira yayarsa da wani babba na gidansu, a zauna a yi lissafin miliyan 1 da jika 800 ɗin a gabansu.