Kwabon Hajiya da liyari: kuskuren bugu ne ko lalacewa?

TAMBAYA: Salam Malam. Muna gyaran ɗakin kakarmu a Ƙofar Doka sai muka tarar da tsoffin kuɗi cikin adudu, akwai kwabo mai huji na 1936 da sunan Edward VIII amma hujin ya karkace ba a tsakiya yake ba, sai wata babbar azurfa mai hoton mace an rubuta 1780. Wani a kasuwar Sabon Gari yace miliyoyi ne, wai in fara wanke su da toka da lemun tsami. Meye gaskiya? Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Don Allah kar ka wanke su, ko goga su da tsumma kar kayi. Wannan duhun da shekaru suka sa musu shi masu tara tsoffin kuɗi ke so, ka dirje shi da toka ka karce fuskar, ka rage musu daraja da hannunka kuma ba mai gyarawa.

Kwabon 1936 tarihinsa na da daɗi, sarkin ya hau mulkin Ingila a Janairu ya sauka a Disamba, shi yasa mutane ke ɗauka ba'a samunsa, alhali an buga shi da yawa don ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, har anini ma akwai mai sunansa. Sunansa da kambi ke jiki, babu hoton fuska, in aka kawo maka mai fuska to ka ja baya. Maganar hujin ce ke buƙatar ido. Nemi madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya ka leƙa cikin hujin. In huji ɗaya ne tak, zagaye sumul, launin cikinsa iri ɗaya da sauran jikin, tsakiyar kuma a toshe take, to da alama daga masana'anta ya fito haka, wannan ne kuskuren bugu kuma yana ƙara kuɗi. Amma in na tsakiya na nan sai wani ya faɗaɗa shi ko ya ƙara na biyu a gefe don zura zare, za ka ga bakin ya tashi yana kaifi, wani lokacin ma kwabon ya ɗan lanƙwashe, wannan lalacewa ce, ba wanda zai biya ka ƙari.

Azurfar kuma liyari ce ta Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya da ta rasu a 1780, kuma tun daga lokacin duk wadda aka sake bugawa wannan shekarar ake sawa, don haka lambar bata nuna tsufa. Kai ta wurin masu gwal su ɗora a sikeli, ta gaske gram 28 ce da ɗan ɗoriya, akwai rubutu zagaye da bakinta, maganaɗisu baya kama ta, kodayake tagulla ma baya kamawa, kar ka dogara da shi kaɗai. Jabu na zubi za ka ga ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe. In iyayenmu mata sun sa maƙeri ya liƙa mata kunne don abin wuya, kuɗin azurfarta kawai za ka samu.

Miliyoyi dai babu a nan, kuma duk wanda yace ka biya kuɗin gwaji kafin ya haɗa ka da mai saye, damfara ce. Turo min hoton kwabon gaba da baya cikin hasken rana, ka duba ko akwai ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antun buga kuɗi na birnin Birmingham a Ingila ce.